Jirgin da Ya Gaida Kowa

Ran da jikana Lukuman ya shigo gida da wani dogon kwali a ka, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Amarya, kalle ni da kyau. Daga yau kin daina zama da mai gyaran rediyo. Da injiniyan sama kike zaune."

Na ce, "Maigida, sauke kayan tukuna. Ina rediyon Malam Ishaku da ka ce jiya zai yi magana?"

"Yana hutawa."

"Tun babbar salla yake hutawa."

Haka muke da shi. Ni na riƙe shi tun yana rarrafe, kuma ba don jikana ba ne, yaron yana da zuciya mai kyau. Bakinsa ne kawai ya riga hannunsa girma. Teburinsa na gindin mangwaro a ƙofar gidanmu a Gada Biyu, nan cikin Jos, kuma duk rediyon da ya ƙi magana, magani ɗaya gare shi: a ɗaga shi sama, a zabga masa mari a ƙeya. In ya yi magana, Lukuman ya ce ilimi ne. In bai yi ba, ya ce mutanen Japan ne suka yi kuskure tun a can.

A shekarar, wadda ta biyo bayan bikin Festak, Baba Pwajok ya gama ginin shagunansa a Tina Junction. Duk an kama sai guda ɗaya, na kan kwana, wanda duk motar da ta tsaya a ƙofarsa take tsayawa. Mutum biyu ke neman shagon nan: Lukuman, da wani Onyebuchi, shi ma mai gyaran rediyo, shi ma bakinsa ba ya kwana. Baba Pwajok tsohon ma'aikacin kuza ne, ba ya son dogon surutu. Ya ce kowa ya nuna masa aikin hannunsa. Onyebuchi ya tashi wani tsohon garmaho da ke gidan Baban. Shi kuwa nawa ya tafi Rayfield, unguwar Turawan kuza, ya dawo da kwalin nan.

Wani Baturen kamfanin kuza ne zai koma ƙasarsu, ya bar wa kukunsa Dalyop tarkace, Dalyop kuma ya bar wa Lukuman wannan. Da aka buɗe sai ga fukafukai na wani katako marar nauyi kamar ɓargon kara, da gangar jiki siririya, da wasu abubuwa guda uku kamar kyandir a naɗe cikin kwali, da wani baƙin akwati mai eriya da 'yan sanduna biyu. Dalyop ya ce ya sha ganin maigidansa yana wasa da irinsa. Abin kyandir ɗin nan roka ce, ita ke harba jirgin sama da wuta. In wutar ta ƙare sai jirgin ya shimfiɗa fukafukai ya riƙa saukowa a hankali kamar shirwa, mai shi kuma yana ƙasa yana juya shi da akwatin.

Kashegari Baba Pwajok ya biyo ta gindin mangwaro, Onyebuchi na biye da shi. Ina zaure ina tsince shinkafa, komai a kunnena.

Lukuman ya ce, "Baba, garmaho ai aikin masu koyo ne. Ni zan aika jirgi sama da wuta, ya gaida gajimare, in kira shi da rediyo, ya dawo ya sauka nan." Ya buɗe tafin hannunsa ya buga.

Onyebuchi ya ce, "Oga injiniya, abeg, rediyon da ke kan tebur ma ka kira shi bai amsa ba. Wanda ya tafi sama ne zai amsa?"

"Na kan tebur ba shi da fiffike."

Baba Pwajok ya ɗaga fiffike ɗaya ya juya shi. Ya ce, "Wannan abu, shi zai tafi, shi zai dawo?"

"Har da sallama, Baba."

"To. Ni ba na son magana biyu. Ka zo gonana ran Asabar ɗin ƙarshen wata. In jirgi ya dawo hannunka, makulli naka. In bai dawo hannunka ba, na Onyebuchi." Ya ciro makullin daga aljihu, ya kaɗa shi, ya mayar.

Da suka tafi na ce, "Maigida, me ya hana ka gyara masa tocila kawai?"

Ya ce, "Amarya, ke matsalarki ba kya hangen nesa."

Aka shiga haɗa jirgi. Gam ɗin Bature ya bushe a cikin kwalbarsa, Lukuman ya ce ba komai, ya ɗebi sitacin da nake sa wa ɗankwali ya dama. Kafin gari ya waye kiyashi sun yi layi tun daga bakin rariya har cikin jirgin, suna shiga ta hanci suna fita ta wutsiya. Ya ce su ne fasinjojin farko. Ya koma ƙaro. Ya manna fukafukan, ya fito da shi gindin mangwaro yana taƙama, Dalyop ya zo wucewa ya tsaya ya karkata kai.

"Lukuman, wannan jirgi baya zai tafi?"

"Me ka gani?"

"Fiffiken yana kallon wutsiya."

"Gwaji nake, in ga ko kana lura."

Ya ɓamɓare ya sake mannawa. Ya shanya shi a tsakar gida, akuyar maƙwabcinmu Malam Ishaku ta shigo ta cinye rabin takardar da aka lulluɓe fiffiken hagu da ita. Ya cike gurbin da takardar buhun siminti. Daga nan ya kai wa mai rubutun bayan mota, aka rubuta LUKUMAN NA ƊAYA a fiffiken dama da jan fenti.

Sai ya ce dole ya gwada roka ɗaya, don injiniya ba ya aiki da abin da bai sani ba. Na ce ya je fili. Ya ce ai ƙarama ce. Ya tsayar da ita a bakin kwalbar lemo a tsakar gida, ya jawo waya. Kwalbar ta faɗi daidai lokacin da abin ya kama. Ni dai na ji fuuu, na ga zanena na zuwa biki da ke kan igiya ya yi taga a tsakiya. Rokar ta daki tukunyar ruwa, ta canza shawara, ta haye katanga, ta faɗa makewayin Malam Ishaku. Malam Ishaku kuwa yana ciki.

Ban taɓa sanin mutumin nan yana da gudu ba. Ya fito da buta a hannu yana salati, hayaƙi na bin sa.

"Lukuman! Rediyona ka riƙe, yanzu kuma raina kake nema?"

"Malam, ka gode Allah, kai ne mutum na farko a Gada Biyu da roka ta ziyarta."

Roka ta biyu ya gwada ta a bayan gida don ya tabbatar kuskuren kwalba ne. Ita kam sama ta yi, kuma har yau ba wanda ya ce ya gan ta. Saura ɗaya.

Sai maganar batir. Akwatin nan yana cin batir kamar gidan biki, cikin jirgin ma akwai wurin wasu ƙanana. Dalyop ya ce Bature sababbi yake sawa duk ran da zai tashi jirgi. Lukuman ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Shi ya sa kuzar ta ƙare musu. Batir ai ba ya mutuwa, suma yake yi."

Wannan kam ba shi ya ƙirƙiro ba, duk haka muke yi. Batir in ya yi sanyi sai a shanya shi a kan kwano ya sha rana, a ɗan ƙwanƙwasa shi da dutse, a mayar. Lukuman ya bi unguwa gida gida yana tattara matattun batura na tocila da na rediyo, ya jera su a kan rufin ɗakina kamar ana shanyar kuɓewa. Ga shi ƙarshen damina ne, ranar Jos kuwa kun san ta, ta leƙo ta ga mutane ta koma. Da yamma na kunna rediyona zan ji gaishe-gaishe, shiru. Na juya bayansa, wayam.

"Maigida, ina baturana?"

"Sun tafi aikin ƙasa."

Na ce, "To bari in gaya maka abin da na sani. Batir ɗin rana yana kai ni farkon labarai, amma bai taɓa kai ni ƙarshensu ba. Kullum ana cewa 'gwamnati ta ce' yake mutuwa. Har yau ban san me gwamnati ta ce ba."

"Wannan rediyo ne, Amarya. Jirgi yana kusa da rana, a can zai riƙa ƙara caji."

Ranar Asabar Bot direba ya kawo a-kori-kurarsa, rabin unguwa suka ɗare baya. Ni aka sa ni gaba saboda gwiwa. Lukuman ya sha wandon nan mai faɗin ƙafa da ke share titi, da takalmi mai tudu kamar turmi, da baƙin tabarau, ya rungume jirgi kamar jariri. Gonar Baba Pwajok tana bayan Rayfield, acca ta yi kai gwanin kyau, daga gefe kuma ga wani tsohon ramin kuza da ruwa ya kwanta a ciki, bakinsa duk taɓo.

Muna sauka Lukuman ya kafa jirgin a jikin wani siririn ƙarfe yana kallon sama, ya kunna akwati. Ya ce, "Jirgi, gaida Baba."

Ya taɓa sanda. Wutsiyar jirgin ta kaɗa, dama, hagu, dama, hagu.

Wallahi abin ya ba da sha'awa. Baba Pwajok da ba ya dariya sai da haƙorinsa ya fito, ya ɗaga hula ya ce, "Lafiya lau, lafiya lau."

Matarsa Mama Naomi ta ajiye ƙwaryar da ke kanta. "Af! Ya gaida maigida, ni bai gan ni ba? Ni na dafa gwaten da za ku ci fa."

"Jirgi, gaida Mama."

Wutsiya ta kaɗa. Mama Naomi ta ce, "Yawwa ɗana. Ina gajiya?" Wutsiya ta sake kaɗawa.

To kun san halinmu. Ba a gaida babba ɗaya a tsallake ɗaya. Malam Ishaku ya gyara murya ya ce shi da aka kusa kashewa ai ya fi kowa cancanta, kuma gaisuwa biyu yake bi, da ta ban haƙuri. Aka yi masa. Bot ya ce shi ya kawo mu. Dalyop ya ce a gidansu jirgin ya girma. Mai unguwar wajen ya iso da sandarsa, shi kuwa gaisuwarsa doguwa ce, sai da ya tambayi jirgi gida, da iyali, da sanyi, da labarin Gada Biyu, kowace tambaya da amsarta. Ana cikin haka sai ga matan zumunta sun taso daga koyon waƙa a coci, da anko ɗinsu, sun ji labari. Lukuman ya ga mata sun taru, ya gyara tabarau.

"Ku yi layi, iyayena, kowa za ta samu."

Ɗaya bayan ɗaya. Wata ma ta koma bayan layi ta sake zagayowa.

Ni ina zaune a kan kujerar da Mama Naomi ta ba ni, ina kallon wutsiyar nan. Da farko tana kaɗawa kamar ta ɗan kwikwiyo. Can sai ta koma kamar ta saniya mai korar ƙuda. Da aka zo kan mace ta ƙarshe, sai ta tafi dama a hankali, ta tsaya ta yi tunani, sannan ta dawo.

Na ce, "Maigida, zo." Ya sunkuyo. Na rage murya. "Jirginka ya fara gyangyaɗi. An kusa cewa 'gwamnati ta ce'."

Ya miƙe ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Amarya ta ce wai jirgi ya gaji. Ladabi ne! Ya ga manya, yana russunawa a hankali."

Aka tafa masa. Onyebuchi ya ce, "Oga, ni bai gaishe ni ba o."

"Zai gaishe ka daga sama."

Aka ja da baya. Bot ya buɗe gaban mota, aka jawo waya daga batirinsa zuwa gindin jirgi. Lukuman ya zana da'ira a ƙasa da dunduniyar takalmi, ya shiga ciki ya tsaya, ya ce, "Kowa ya shaida. Nan zai same ni." Ya ɗaga hannu, ya sauke. Bot ya haɗa waya.

Fuuuuu!

Jama'a, ya tashi. Duk abin da zan faɗa a kan yaron nan, wannan ba zan rage masa ba. Jirgin ya miƙe sama tsaye da farin hayaƙi a bayansa, har ya koma kamar ƙwayar gero. Matan zumunta suka saki guɗa. Malam Ishaku ya ɓuya a bayan mota. Can hayaƙin ya yanke, abin ya kwanta a kan iska, rana ta leƙo ta haska jan rubutun, ya fara shawagi shiru kamar ba hannun Lukuman ne ya manna shi ba. Na ji idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, Allah ka ba marayan nan shagon nan.

Lukuman ya ɗaga akwati. Ya tura sanda. Jirgi ya ci gaba da tafiyarsa. Ya sake turawa. Can iska ta karkata shi hagu, sai Lukuman ya yi ihu, "Hagu!" Jirgi ya karkata dama, ya ce, "Dama! Kun gani?"

Onyebuchi ya ce, "Oga, ka riƙa faɗa kafin ya juya mana."

"To. Yanzu hagu!"

Jirgi ya yi dama.

"Hagunsa nake nufi, ba nawa ba."

Baba Pwajok ya ce, "Ya isa yawo. Kira shi gida."

"Yanzu kuwa, Baba. Jirgi, gida!"

Jirgi ya juya mana wutsiya ya nufi ramin kuza.

Nan fa gumi ya keto wa Lukuman duk da sanyin nan. Ya murɗa sanda, ya ja eriya, ya girgiza. Da abin ya ƙi, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya ɗaga akwatin ya zabga masa mari a ƙeya. Murfin baya ya ɓalle, batura suka zubo ƙasa suna gangarawa cikin ciyawa, har da nawa guda biyu, na gane su da jan zaren da na ɗaura musu.

Kowa ya gani. Shi kaɗai ne bai gani ba, don idonsa na sama. Kuma daidai lokacin iska ta ɗan juyo da hancin jirgin.

"Kun ga ya ji mari! Haka ake musu! Dama kaɗan, yawwa. Sauko. Yaro mai hankali!"

Yana ta tuƙi da akwati wayam, har da karkata kafaɗa. Sai wata cikin matan zumunta ta kasa riƙewa ta fashe, sauran suka bi. Onyebuchi ya durƙusa yana tsince batura ɗaya ɗaya, ya tara su a hannu, ya zo ya miƙa su a gaban tabarau ɗin Lukuman.

"Oga injiniya, ga canjinka ya zube."

Lukuman ya kalli batura. Ya juya akwati ya kalli bayansa. Ya kalli Baba Pwajok, wanda ya riga ya sa hannu a aljihun da makulli yake. Sai ya ce, "Ai magana a kan hannu aka yi, ba a kan akwati ba!" Ya cilla wa Onyebuchi akwatin, ya fita daga da'irarsa, ya runtuma da gudu hannu a miƙe.

Na ce, "Maigida, tsaya wuri ɗaya!"

Ina! Ya faɗa cikin acca, Baba Pwajok na ihu, "Gonana! Gonana!" Wando na kama iska kamar tuta. Takalmi ɗaya ya tsaya a kunya, ya ci gaba da ɗaya, yana tafiya sama da ƙasa kamar keken da tayarsa ta lanƙwashe. Jirgi na gaba, shi yana baya yana kira, "Tsaya mana! Ni ne!" Idonsa na sama har ya kai bakin rami. Sai muka ji caɓal. Taɓo ya karɓe shi har ƙugu.

Shi kuwa jirgin, da ya kai kan ruwan, sai ya yi wani babban zagaye. Dalyop ya ce fiffiken takardar siminti ne ya fi nauyi yake jan sa gefe. Ni ban san wannan ba. Abin da na gani shi ne ya juyo, ya bi ta kan Lukuman har inuwarsa ta shafe shi, ya tsallake acca, ya yi ƙasa ƙasa, ya nufo mu a hankali kamar mai neman wurin zama. Mutane suka dare. Ya zo daidai da'irar nan da Lukuman ya zana da dunduniyarsa.

Onyebuchi ne a tsaye a ciki, yana neman ragowar batir. Ya ɗago kai ya ga abu na zuwa, ya saki komai ya tare fuska da hannu biyu. Jirgi ya shiga hannunsa ya zauna.

Onyebuchi ya kalli abin da ke hannunsa, ya ce da ƙaramar murya, "Sannu da zuwa."

Baba Pwajok ya ciro makulli ya ɗora a kan fiffiken, daidai kan LUKUMAN NA ƊAYA.

Daga cikin rami muka ji murya. "Ni na aiko masa! Baba, ka shaida, na ce zai gaishe shi daga sama!"

Malam Ishaku ya ce, "A bar shi a ciki ya huta, kamar rediyona."

Da igiyar motar Bot aka jawo shi, ɗaya takalmin kuma ramin ya riƙe. Mama Naomi ta zuba masa gwate mai zafi a kwano, ya sha yana karkarwa, yana bayyana wa matan zumunta cewa saukar da suka gani ita ce mafi wuya a aikin jirgi. Ni kuma na bi ciyawa na tsinci baturana masu jan zare, na ƙulle a bakin zane.

Shagon kan kwana na Onyebuchi ne har yanzu. Ya rataye jirgin a silin da zare, masu jiran mota na shiga kallo, wasu su fito da rediyo a gyare. Lukuman na gindin mangwaro. Duk wanda ya tsaya, sai ya gaya masa yana da reshe a Tina Junction, yaronsa Onyebuchi ke kula masa.

A ranar dai da muka dawo gida na ɗora masa ruwan zafi, na zauna ina kankare taɓo daga wandon. Ya fito daga wanka ya tsuguna kusa da ni. Can ya ce, "Amarya, amma dai kin ga ya tashi?"

Na ce, "Na gani, maigida. Ya tashi, ya yi kyau, kuma ya dawo inda ka ce. Kai ne ba ka nan."

Ya yi ɗan tunani. Ya ce, "Laifin jirgin ne. Ai da ya jira ni."

Na miƙa masa wandonsa na ce ya ƙarasa da kansa, na shiga ɗaki na mayar da baturana cikin rediyo. Ana cewa "gwamnati ta ce" ya mutu.